Falwaya a Rumfar Awaki

Barau, an ce za a kawo famfo, shi ne har kana shirin cike rijiyarka? Ni na gaji da faɗa, amma zauna ka ji.

A wani ƙauye bayan dutse, zamanin da harkar waya ta gwamnati ce ita kaɗai, an ja musu layi guda zuwa ɗakin shan magani. Wayar wahala ce, wallahi, masu gyaranta ma sai sun ga dama. Amma in ciwo ya fi ƙarfin malamin asibiti, da ita ake kiran mota daga birni, kuma motar takan zo. To akwai wani manomi da falwaya uku suka ratsa gonarsa, kullum sai ya yi tsaki in zai kewaye su da garma. Ranar da aka faɗa a rediyo cewa gwamnati ta saki harkar, kamfanoni za su shigo, kowa da wayarsa a aljihu, bai ko jira a gama labarai ba. Ya tumɓuke falwayoyin ya kafa rumfar awaki, wayar da ke kansu ya ɗaure darni da ita. Malamin asibiti ya ce, "Haba Baba, ka bari sabuwar ta iso mana." Ya ce, "Tana hanya." Maƙwabta suka ga ba wanda ya hana, suka kwashe sauran.

Kamfanoni sun zo, ban ce ba su zo ba. Waya ta yi araha, har shi manomin ya sayi tasa. Sai dai ɗan kasuwa riba yake bi: suka ƙirga kawuna, suka jera ƙarafunan sabis a bakin kwalta, bayan dutse ko leƙawa ba su yi ba. Damina ta uku, kububuwa ta sari matarsa a gona. Malamin asibiti ya ce maganin sai birni, a kira mota maza. Tsohon nan ya hau dutse da rarrafe, rana tsaka, yana ɗaga waya gabas da yamma. Sabis ya ɗan leƙo, ya ɓace. Yana nan tsaye har ya jiyo koke-koken mata daga ƙasa. A inuwar rumfar awakin nan aka shimfiɗa masa tabarmar karɓar gaisuwa.

Abin da ciwo, Barau. Bar rijiyarka sai ka ga ruwa na zuba a famfo. Magabata sun riga sun ce, kada ganin hadari ya sa ka yi wanka da kashi.