Busasshiyar Ƙasar Mirgani

Da hantsi ƙasa ta ƙare a tsibirin Tuti. Buhuna na nan tuli, hannaye na nan, amma duk inda aka kafa shebur sai ya fito da taɓo. Taɓo kuwa ba ya zama a buhu, kogin Nilu lashe shi yake yi ya wuce.

Tun kakanni haka ake tsare tsibirin idan kogi ya kawo. A raba jingar da ke bakin ruwa dangi-dangi, kowa da rabonsa, da rumfarsa, da gangarsa. Wanda ruwa ya fi ƙarfinsa ya buga ganga a kawo masa ɗauki. Rabon tsoho Mirgani shi ne lungun da ke bayan ƙaramin asibitin unguwa, kuma a nan jingar ta fi sirancewa.

'Ya'yansa maza suna ƙasashen waje neman abinci. Matarsa Sittana tana kwance cikin asibitin da karayar ƙugu, likita ya ce ko juya ta kada a yi. Jirgin fito ya daina tsallakawa Khartum. In lungun nan ya fashe, gadonta ruwa zai fara tararwa.

Da safe ya leƙa ta. Ba ta tambayi kogi ba, ba ta yi zancen ƙugunta ba.

"Baban Tarik, gidana fa?"

"Yana nan kan tudunsa."

"Kada ka bar ruwa ya shigar mini. Da sallar nan na shafe shi da shuɗi, har yau bayana bai daina ciwo ba."

"Ba zai shiga ba."

Gidanta ne kuwa, ba a musu. Mahaifinta ya gina shi a kan tudun da ke ƙarshen gonakin lemo, bango mai kauri irin na mutanen da. A ciki aka haife ta, a ciki ta haifi nata. Shekara da shekaru Mirgani yana mata tsiya cewa gidan ta aura, shi haya yake.

Ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasan jingar. Mirgani ya tsaya yana kallo, bai buga ganga ba. Me za a kawo masa? Kowa taɓon yake da shi. Ya bar wa maƙwabcinsa Awad rumfar, ya ɗaura wa jakinsa amalanke, ya loda buhuna da diga, ya tafi.

Kafin azahar ya dawo da buhunan cike. Busasshiyar ƙasa, har tana ƙura.

"Kai tsoho, aljanu ke maka haƙa?" in ji Awad. "Duk garin nan babu inda kaza za ta yi birgima, kai ka samo wannan?"

"Jera kawai."

Aka jera. A sawu na biyu maza huɗu suka bi shi da shebur suna raha, wai za su gano ma'adinin. Suka dawo, raha ta ƙare. Ɗaya ya raɗa wa Awad wani abu a kunne. Daga nan Awad bai ƙara tsokanar kowa ba, yana karɓar buhu yana kallon ƙasa.

Amalanke ta yi ta safa da marwa. Wata tsohuwar ƙusa a cikin buhu ta yanki tafin hannun wani, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Da jingar ta fara yin ciki, Mirgani ya kawo azara baƙaƙe da hayaƙi, aka tokare ta da su. Mata suka kawo wake da burodi da gahawa, aka miƙa masa, ya riƙe kofin har ya huce, ya ajiye. Ba yunwa yake ji ba, ba gajiya ba, ba baƙin ciki ba. Abin da ya sani shi ne akwai buhun da ba a cika ba, sai a cika shi.

Bayan la'asar ruwa ya tsaya, saura taƙi guda ya haye. Aka zuba wa karan da aka kafa a bakin kogi ido, aka ga jiƙar ba ta ƙara hawa ba. Can wajen kudu mata suka rangaɗa guɗa. A lungun Mirgani babu wanda ya yi murna, mutane suka zauna a kan buhuna kawai.

Awad ya dafa kafaɗarsa. "Yau a wurina za ka kwana, ɗan'uwa. Kada ka yi mini gardama."

Mirgani ya kwance jakin, ya shiga asibitin. Sittana tana nan yadda ya bar ta, gadonta a bushe.

"Ruwa ya shiga gidana?"

"Ko ɗigo."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta yi wa Allah godiya. Sannan ta miƙa hannu ta tsince wani ɗan ɓawo mai shuɗi-shuɗi daga gemunsa. Idonta ya daɗe da yin rauni, ta murje shi da yatsu ta karkaɗe.

"Dube ka, fururu kamar an tono ka. Je ka gida ka yi wanka. Tsaftatacciyar jallabiyarka tana rataye a bayan ƙofa."

"To," in ji shi, amma bai tashi ba.

Bai yi mata ƙarya ba. Ruwa bai shiga gidan ba, gidan ne yake jere a bayan tagarta, buhu a kan buhu, yana tare mata kogi.