Bahago Ya Sake Faɗuwa

Auta ta naɗe ledar tsakar ɗaki, ta jefar da silifas mai santsi, ta sayo sanda mai ƙafa huɗu. Duk da haka babanta ya sake faɗuwa.

Bahago kafinta ake ce masa, mutumin da in ya daki ƙusa sau ɗaya ba ya ƙarawa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki, da yake shi ma mugu ne, sai ya zaɓi hagun, ya haɗa da harshe. Yanzu in ya yi magana sai ka ce ana jan benci.

Faɗuwa kuwa dama gadon gidan ce. Tun Auta na ƙarama Inna ke yawan zamewa a bayi, ta fito da kumburarren ido, maƙwabta su ce sannu, a gyara daɓe.

Likitan gashin ƙashi ya ce in ƙafa ta tsaya, hannun ma zai biyo baya. In kuwa faɗuwar ta ci gaba, wata rana ƙugu zai karye, shi ke nan sai kwanciya. Ya koya wa Inna ta riƙa tsayawa ta hagunsa, don mai irin wannan ciwo ta ɓarin da ya mutu yake rinjaya. Inna ta riƙe karatun nan gam, ba ta yarda kowa ya kama mata. Dangi suka ce irin wannan mata sai an tona.

Shi kuwa da ya hango ta da sanda sai gurnani, ya damƙe zanin gado.

"Ragwanci ne," in ji Inna. "Tashi, maigida, ai faɗuwa ba ta kisa."

Ran nan likita ya ɗaga rigar Baba, ya duba jikinsa. "Ikon Allah. Duk kurjewar ta dama take."

Washegari Auta ta baro wurin aiki tun kafin a tashi, ta tsaya bayan labule. Ga Baba na jan ƙafa, ga Inna ta hagunsa, inda aka ce ta tsaya. Ya yi taku mai kyau, har yatsun hagun suka motsa. Inna ta dube su. Sannan ta ɗora tafin hannu a kafaɗarsa, a hankali kamar mai rufe ƙofa, ta tura.

Auta ta saki labulen. Sai lokacin ta tuna: tun ranar da hannun nan ya shanye, Inna ba ta ƙara zamewa a bayi ba.