Gurbin Zubairu

Tun da aka kafa dokar daidaita mazaɓu, adalci ya kammala a jiharmu: babu mazaɓar majalisar jiha da ta fi wata ko da mutum ɗaya. Jariri yana shiga ƙidaya ranar suna. In babu gurbi, sai wani daga gidansu ya ƙaura, ba dawowa.

Matar Sabitu ta haihu, ga suna gobe, ga mazaɓar Ɗorawa cike maƙil. Ya garzaya wurin mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ko an yi rasuwa kwanan nan?"

"Kowa tambayar ke nan! Malam Barau da kuka dama da dubiya ya miƙe, har tuwo ya ci."

"Alhamdu lillahi," in ji Sabitu, murya a sanyaye.

Mahaifinsa, Baba Zubairu, wanda ya zaɓi duk jam'iyyar da ta taɓa cin Ɗorawa bai ga kwalta ba, ya saurari labarin da Sabitu ya dawo gida da shi.

Da safe liman ya raɗa wa yaro Zubairu. Aka kai wa mai sunan goro a zaure. Babu buta, babu buzun sallarsa.