Ranar da Jar Mota ta Daina Shan Mai

Ƙafafun Kamal kawai ake gani, sauran jikinsa yana ƙarƙashin mota. Malamin lissafi ne a jami'a, can cikin Washington, amma duk Asabar haka yake kwanciya a garejin gidansa da ke garin Clinton, kamar wanda aka yi wa horo.

Motar ja ce, 'yar Ingila, mai kujera biyu, ba rufi, ta kuma girme shi. Ranar Lahadi kaɗai yake fita da ita, ya zaga unguwa ya dawo ya goge. Sauran ranaku matarsa Sharifa ce ke sauke shi a tashar jirgin ƙasa ta wuce asibiti wurin aiki, makullin jar motar ya wuni a rataye a kicin.

Matsalar ɗaya ce: mai. Zai cika tanki ranar Lahadi, wata Lahadin ya tarar da rabi. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, ko ɗigo bai gani ba. Agogon da ke ƙirga tafiya kuwa ya mutu tun kafin ya saye ta. Da yake mutum ne mai ilimi, sai ya zauna ya ƙirƙiro dalili: giya huɗu ta yi kaɗan, injin yana wahala, shi ya sa yake zuƙar mai.

Ya samo giyabos mai giya biyar daga wata tsohuwar motar Japan. Saura zaɓen haƙoran aksul, ƙarfen da ke juya tayoyin baya. Akwai 4.3, mai saurin tashi amma injin ya yi ta ihu a babban titi. Akwai 3.9, mai tashi a hankali amma ta miƙa shiru.

Abokinsa Ɗanliti, ɗan jarida a gidan rediyo, ya tsuguna yana leƙensa. "Malam, sa mai tashin nan. Ina kake zuwa da ita? Ko babban titin Beltway ba ka taɓa hawa ba."

"In wannan aikin bai yi magani ba, sayar da ita zan yi," in ji Kamal daga ƙasa. "Akwai wani Bature a Virginia da ya dame ni da waya."

Inna Turai, mahaifiyarsa, tana zaune a bakin ƙofar gareji tana gyaran wake. Hannunta ya tsaya.

Tun da aka kawo ta daga Jos ba ta da magana sai ta komawa. Gidan shiru, jikoki suna makaranta, in sun dawo ta yi musu Hausa su amsa da Turanci. Mace ce da ta riƙe cinikin dankalin mijinta shekara da shekaru bayan idonsa ya mutu, akori-kurarsa ba ta taɓa fashin kasuwa ba. Kamal yana makarantar kwana a lokacin, bai taɓa tambayar yadda aka yi ba. To, irin wannan ce za a ajiye a gaban talabijin? Sai dai tun bara ta daina zancen tikiti, har ciwon gwiwa ta daina ambata. Kamal ya ce maganin da ya sayo mata ne.

"Wanne ne ba ya sa ta kuka?" ta tambaya.

"Na'am, Inna?"

"Cikin lambobin naku. Wanne ne in ta miƙe hanya ba ta kururuwa kamar an taka akuya?"

Ɗanliti ya kwashe da dariya. "Hajiya ma ta shigo ajin."

"Kai dai yi ta surutu, da shi ake biyanka. Shi nake tambaya."

Kamal ya ce 3.9 ce. Ta ce to ita zai sa, maƙwabta ma suna da haƙƙi. Ya yi murmushi, ya bi umarnin uwa.

Aikin ya ci makonni. Inna ta rame, ta yi ta faɗa da jikoki, sau biyu ta tambayi kuɗin jirgin Abuja. Kullum da yamma sai ta leƙo ta ce, "Har yanzu? Bakaniken Faranti, can Jos, da ya gama tuni." Sharifa ta ce zafin bazara ne ke damunta. Ita dai abin da ya dame ta, matashin kujerar falo da take yawan tsinta a gareji.

Ranar da aka gama, har agogon ya farfaɗo, da yake daga giyabos wayarsa ke fitowa. Kamal ya cika tanki, ya zaga unguwa, ya rataye makulli. Ya ce wa Baturen ya ba shi mako guda.

Lahadi ta zagayo. Ya kunna mota, Ɗanliti yana tsaye a kansa. Allurar mai ta tashi, ta tashi, ta je ƙarshe ta jingina. Har ta ɗan wuce inda ya bar ta.

"Ka gani?" Kamal ya daki sitiyari. "Lissafi ba ya ƙarya!"

Ɗanliti ya nuna agogo. "To wannan mil ɗari biyu da wani abu fa? Kai da ka zaga unguwa?"

"An canja haƙora, dole ƙirgen ya rikice. Sai an daidaita shi."

Nan take ya kira Baturen Virginia ya ba shi haƙuri. Inna ta ce Allah ya ƙara basira, ta ƙara masa nama a miya.

Litinin da safe gida ya watse. Inna Turai ta ɗaure ɗankwalinta tamau, ta jefa matashin falo a kujerar direba, ta hau babban titin zuwa garin Hyattsville, ta zura giya ta biyar tana jin daɗin shirun injin, tana kuma tuna wa kanta cewa daga yanzu, kafin ta mayar da makulli, sai ta biya gidan mai.