Maginin da ya zauna jiran labari a kasuwa

Likita, ka ce ba ka ga laifinku ba, tunda waɗanda suka kai ƙarshen gwajin maganin su kaɗai kuke ƙidayawa. To, ajiye wayar nan ka saurare ni. A gaban allo na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa, na kuma san idan bayani ya ƙi shiga, misali ake kawowa.

An yi wani magini da ya gaji da ƙorafin yoyo duk damina. Sai ya haɗa sabon kwaɓi na shafen rufin soro: ya rage makuba, ya ƙara toka da wata jar ƙasa da ya samo a bakin rafi. Ba maha'inci ba ne, so yake ya gwada kafin ya yaba. Ya bi gida gida yana neman masu yarda a gwada a kan ɗakunansu, mutane kuwa suka ba shi, don babu mai ƙin kwana a busasshen ɗaki. Da ya gama shafe, sai ya ce duk bayan ruwa mai ƙarfi kowa ya same shi a rumfarsa ta kasuwa ya gaya masa yadda rufi ya kwana. Bayan ruwan farko kowa ya zo. Da damina ta nutsa, masu zuwa suka fara raguwa, amma duk wanda ya zo da fara'a yake zuwa, ya ce ko ɗigo bai gani ba. In wani ya tambayi ina sauran, sai magini ya yi dariya ya ce ai halin mutanenmu ke nan, da bukata ta biya ba ka ƙara ganin ƙeyarsu. Alhali can a gangaren gari akwai wani tsoho da rufinsa ya sha ruwa ya yi nauyi, azara ta fara lanƙwasa. Ya jera kwanukan gidan kaf yana tarar ruwa, har sanyi ya kama masa ƙirji, masallacin ƙofar gida ma ya gagare shi, balle kasuwa. Akwai kuma wata mata da ɗakin ya rufta, Allah ya sa suna tsakar gida, ta kwashi 'ya'yanta ta koma ƙauyensu.

Da kaka ta yi, magini ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya kawo labarin sabon kwaɓi ya yaba. Bai kuwa yi ƙarya ba, kuma nan ne masifar take. Gari ya ɗauka gaba ɗaya. Aka shafe shaguna, aka shafe zauruka, aka shafe ɗakunan tsofaffi. Damina ta zagayo, ɗakunan da azararsu ta manyanta suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin magini ya taka ƙafarsa zuwa gangare, ya tarar da tsohon nan zaune a rumfar kara, kusa da kufan ɗakinsa. Ya tambaye shi don me bai zo ya faɗa masa ba tun bara. Tsoho ya dube shi ya ce, "Abin da ya hana ni zuwa, ai shi ne labarin da kake nema."

To, Likita, iyalina Tabawa ita ce tsohon nan. Ku kuka zo har unguwarmu neman masu hawan jini su shiga gwajin sabuwar ƙwaya. Ta shiga, ta sha yadda kuka ce, ta riƙa zuwa kuna ɗibar jininta kuna kaiwa ɗakin awo ba ta taɓa ƙorafi ba. Daga baya ƙafafunta suka kumbura, jiri ya hana ta tsayuwa, ko Keke Napep ba ta iya hawa. Na zo da kaina in sanar, aka ce mini mai shan maganin ake son gani, kuma a ranar da aka yanka mata. Ba wanda ya leƙo mu. Sai ga shi a taron da kuka kira, ka miƙe ka ce ba wanda ƙwayar ta cutar, 'yan kaɗan ne kawai suka daina zuwa. Daina zuwa! Ni da nake aji, in yaro ya yi fashi aikawa nake a dubo shi. Ban taɓa cire marasa lafiya ranar jarrabawa sannan in ce ajina ya ci duka ba.

Ban ce ƙwayarku ce ta kumbura ta ba. Ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba, kuma wannan ne ke ƙona mini rai, domin gobe za a miƙa wa uwar wani ita da sunan an gwada. Ba haƙuri na zo karɓa ba. Ku zo gidana ku duba ta, ku ɗebi jinin ku auna. Ku bi sauran da suka ɓace muku ɗaya bayan ɗaya, ku ƙidaya su tare da masu lafiyar. Sannan maganar da ka faɗa a bainar jama'a, ka koma bainar jama'a ka gyara ta. Magini a ƙarƙashin rumfarsa ba ya jin ɗigo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.