Hannu a Bangon Soro

Ya iso Tsafe da katafila zai rushe tsohon soron bakin kasuwa, sai ya tarar 'yan unguwa sun riga shi. Gayya suka kira, maza na kwaɓa ƙasa, mata na jidar ruwa. Wai ɗakin koyon ɗinki za su mai da shi.

"Ku kauce," in ji shi. "Ni turo ni aka yi."

Wata tsohuwa ta ƙura wa hannunsa ido. "Ɗana, sauko ka ga abin da za ka kayar tukuna."

Ya bi ta yana tsaki. A ciki ta nuna masa tsohon yaɓe, shatin ƙananan hannuwa birjik.

"Muna yara, duk wadda ta ɗebo ruwan yaɓe sai ta danna hannunta. Wannan mai yatsa shida ƙawata ce. Aure ya kai ta Bungudu, ban ƙara ganinta ba."

Ya ɗora nasa hannun mai yatsa shida a kai, cindo bisa cindo. Mahaifiyarsa 'yar Tsafe ce da aure ya kai Bungudu; ta rasu ko hoto ba ta bari ba.

Ya fito ya kashe katafila, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga kwaɓi.