Jirgin Tseren Baba

Jiya a bakin ruwan Deira, a Dubai, na wuce wani kafinta yana gyaran jirgin katako. Ƙamshin itacen ya mayar da ni ƙofar gidanmu a Yawuri.

Babanmu masassaƙin jirgi ne, kuma a tseren kwale-kwale abokan karawarsa ƙeyarsa kawai suke gani. Jirgin tserensa da kansa ya sassaƙa shi daga maɗaci, ko taɓawa ba ya bari mu yi. Yaya Sale ne ya faki idonsa ya shiga kogi da shi. Jirgin ya dawo gaɓa ba kowa a ciki, Yaya kuwa sai washegari masunta suka tsamo shi.

Bayan azahar, ana wankan gawa a cikin gida, Baba ya jawo jirgin ya ɗauki gatari. Ƙanensa, Baffa Idi, ya riƙe masa hannu.

"Yaya, don Allah bari. Akwai itacen rufe kabari a maƙabarta."

"Sake ni, Idi. Shi ya kai shi, shi zai rufe shi."

Yana sara yana aunawa da kamu, kowane guntu daidai faɗin kabari. Wani jan ɓarɓashi ya faɗo gabana, na sa a baki, ɗaci kamar me.

Baba bai ƙara riƙe filafilin tuƙa jirgi ba. Ni ma tun zuwana Dubai, in abokan aiki suka ce, "Yalla, mu hau kwale-kwalen abra mu haye," sai in ce su yi gaba. Gara in bi jirgin metro ta ƙarƙashin ƙasa.